Ai Kullum Haka Kake Cewa

A unguwar Kurna da ke birnin Kano akwai wani tela mai suna Sani, wanda ko maƙiyinsa ya san Allah ya yi wa hannunsa albarka. In ya yanka shadda ya haɗa kaftani, ba ka buƙatar komawa a rage maka ko a ƙara. Shagonsa a soron gidansu yake: keken ɗinki Butterfly guda biyu, teburin yanka, da dutsen guga na gawayi wanda ya gada wurin ubangidansa. Yana zaune da matarsa Binta, da mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna, da 'ya'ya uku: Abba mai shekara bakwai, Ummi mai shekara huɗu, sai jariri na goye.

Sani mutum ne mai son 'ya'yansa. Shi ke kai Abba makaranta da safe a kan babur, shi ke sayo koko da ƙosai in Binta ta kwana tana jigilar jariri. Ummi kuwa, da yake sunan Inna ta ci, ba ya kiranta da komai sai Mamana. Aibinsa guda ne, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Duk wanda ya kawo ɗinki, ko da kaya sun kai rufin shago, amsar ɗaya ce: "Jibi ka aiko a karɓa." In jibin ta zo kuma aka hango mai kaya tafe, sai ya faɗa cikin gida, ya ce da Abba, "Ka ce na tafi Kantin Kwari sayo zare."

Haka yake yi da yaran ma, ba da mugun nufi ba, sai don a zauna lafiya. Abba ya yi rigima, sai ya ce, "Yi shiru, ranar Asabar zan kai ka gidan zu." Asabar nawa ta wuce, Abba bai ga ko jelar biri ba. Ummi ta ƙi cin tuwo, sai ya ce akwai dodo a bayan ƙofa yana jiran mai ƙin cin abinci. In ta shigo shago ta kai hannu kan almakashi, ko allin zane, ko wayarsa, sai ya daka tsawa: "Kul, Mamana! Da zafi!" Ita kuwa sai ta janye hannu, ta jira ya juya baya, ta ɗora yatsa a hankali. Almakashi sanyi ƙalau. Waya ma haka.

Binta ta sha yi masa magana. "Baban Abba, yaran nan fa suna riƙe abu. Jiya Abba ya ce da ni ya daina ƙirga Asabar."

Sai ya yi dariya ya ce, "Haba, yaro me ya sani? Kafin gobe ya manta."

Ana nan har azumin 2024 ya kama, wanda ya faɗo tsakiyar zafin bazara. Duk telan da ke Kano ya san goman ƙarshe ba ta barci ba ce. Sani ya karɓi ɗinkin da ko teloli uku ba za su gama ba, don tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, kuma yana ganin a wannan wata ne kaɗai zai haɗa kuɗin makarantar yara da na buhun masara. Wuta ba ta zama, fetur ɗin janareto ya fi ƙarfinsa, don haka duk guga ta koma kan dutsen gawayi.

Ana saura kwana biyu Sallah, bayan la'asar, Sani ya cika dutsen da garwashi ya fifita shi har ya yi jawur, ya ajiye a ƙasa gefen tebur. Binta na tsakar gida da goyo tana dama kunun tsamiya na buɗa-baki. Abba da Ummi suna shago suna tsintar ƙyallaye. Sai ga wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Sani na leƙawa ya gane ta: wani Alhaji ne da ya kawo shadda kala biyar, tasa da ta 'ya'yansa, tun kafin a ga watan azumi, kuma ko almakashi bai taɓa su ba.

"Abba, ka ce na tafi Kwari!" Ya yi wuf ya nufi cikin gida. Har ya kai bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Mamana, kada ki taɓa dutsen nan, da zafi!"

Alhaji ya yi sallama. Abba ya gaishe shi, ya ce ba tare da ko ƙifta ido ba, "Baba ya tafi Kantin Kwari sayo zare."

Bai rufe baki ba sai wata irin ƙara ta cika soron. Ummi ta ɗora tafin hannunta gaba ɗaya a kan dutsen guga. Sani ya fito a guje ba ko takalmi, ya yi kiciɓis da mutumin da aka ce wa yana Kwari. Babu wanda ya sami sukunin yin maganar. Binta ta fito tana salati, maƙwabciya ta shigo da ɗanyen ƙwai, wata na cewa a shafa man goge baki, wata ta ce manja da gishiri.

Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Kada a shafa mata komai. Ku kawo ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa." Shi da kansa ya riƙe hannun yarinyar, Binta na kwarara ruwan randa da buta, suka daɗe a haka, kusan minti ashirin, sannan aka rufe hannun da tsabtataccen ƙyalle. Ya buɗe motarsa ya ce su shiga ya kai su asibiti.

A cikin mota ne Sani, da zuciya ta ɗebe shi, ya juya kan Abba. "Kai kana ina? Ba ka ji na ce mata da zafi ba? Me ya hana ka riƙe ta?"

Abba ya share hawaye da gefen rigarsa ya ce, "Baba, ai kullum haka kake cewa. Ka ce almakashi da zafi, ta taɓa, babu zafi. Ka ce waya da zafi, babu zafi. Ni ma na zaci irin wancan ne."

Motar ta yi tsit. Alhaji bai ce uffan ba, idonsa na kan titi. Sani ya so a ce zaginsa mutumin ya yi, da ya fi masa sauƙi.

A asibiti malamar jinya ta duba hannun, ta ce an yi dabara da aka zuba ruwa ba a shafa komai ba, don ƙwai da man goge baki datti suke ƙara wa ƙuna. Ta wanke, ta sa magani, ta naɗe, ta ce a riƙa dawowa wanki. Kiran sallar magariba ya same su a can, Alhaji ya sayo dabino da ruwa suka buɗa baki. Da ya sauke su a gida, Sani ya tsaya jikin mota yana neman abin faɗa.

Alhaji ya ce, "Malam Sani, Allah ya ba ta lafiya. Abu ɗaya nake so ka gaya mini, kuma wannan karon kai da kanka: kayana za su samu kafin Sallah?"

Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za su samu ba. Ko yankawa ban yi ba."

"To, da ka faɗa mini haka tun farkon azumi, da na kai wani wuri, da kuma ba ka sa yaron nan ya dube ni ya yi mini ƙarya ba. Ɗinka na ƙananan biyu in za ka iya. Ni da manyan muna da na sawa."

Da dare, bayan an sauko daga asham, Ummi ta yi barci da hannu a naɗe. Inna na zaune kan tabarma da carbi, ta kira ɗanta.

"Sani, zauna. Yau maigidana ya gaya maka abin da ni na kasa gaya maka." Haka take kiran Abba, don sunan marigayi mijinta ya ci.

"Inna, wallahi ban taɓa ɗaukar abin ƙarya ba. Lallashi ne kawai irin na yara."

"Lallashi ne a wurinka. Su a wurinsu magana ce ta ubansu. Ka manta abin da malam ya karanta mana a tafsiri? Wata mata ta kira ɗanta, Abdullahi ɗan Amiru, ta ce ya zo ta ba shi wani abu, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. A kan ƙwayar dabino ke nan. Kai gidan zu nawa ake bin ka?"

Sani ya yi shiru.

Inna ta ci gaba, "Ƙunar hannu za ta warke, yarinya ce, fatarta sabuwa ce. Abin da nake jin tsoro shi ne ranar da za ka ce da Abba kada ya bi wasu abokai, ko ka ce da takwarata wannan saurayin ba na kirki ba ne, su dube ka su ce a ransu, ai kullum haka yake cewa. Ran nan ba ruwan randar da zai yi magani. Sannan ka duba yadda yaron nan ya yi wa baƙo ƙarya ko gezau. Wa ya koya masa? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Washegari bayan sallar asuba, Sani ya ware kayan da ya san zai iya gamawa, ya tara sauran gefe guda. Ya ɗauki waya ya kira masu su ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu gaskiya. Wani ya yi masa Allah ya isa. Wata mata ta zo ta kwashe atamfofinta da kuɗin kafin alƙalami, ta ce ita da shagonsa har abada. Wasu kuwa suka ce ba komai, a yi bayan Sallah. Kuɗin da ya sa rai da su, rabi bai shigo ba.

Ranar wankin hannu na farko, Ummi ta ƙanƙame shi a bakin ɗakin malamar jinya ta ce, "Baba, da zafi?"

Bakinsa har ya buɗe zai ce babu, kamar yadda ya saba. Sai ya durƙusa ya ce, "Da zafi, Mamana. Amma ba zai daɗe ba, kuma ina riƙe da ke har a gama."

Ta yi kuka, ya riƙe ta har aka gama. Zuwa na biyu ta sake tambaya, ya sake ba ta amsa ɗaya. A na uku da kanta ta miƙa hannun.

Maganar gidan zu kuwa, da Abba ya tayar da ita ranar Sallah, ganin yaran unguwa suna ta shirin tafiya, Sani ya zaunar da shi ya ce, "Abba, na yi ta yi maka alƙawari ban cika ba, ban kyauta ba. Yanzu ba ni da kuɗi, maganin ƙanwarka ya cinye. Gobe zan kai ka kallon Hawan Daushe, wannan ba a biya. Gidan zu kuma sai na gama ɗinkin Alhaji ya biya ni, in Allah ya yarda."

Abba ya dube shi irin duban wanda ya sha ji. Washegari suka tafi Ƙofar Kudu, Sani ya ɗora shi a wuya ya ga dawakai da 'yan bindiga. Bayan mako biyu Alhaji ya karɓi kayansa ya biya. Sani bai ko shiga gida da kuɗin ba, ya ce da yaran su sa takalma. A gidan zu, Abba ya fi kallon ubansa a kan namun dajin.

Hali ba ya sauyawa dare ɗaya. Akwai ranar da wani mai kaya ya zo, ƙafar Sani ta nufi cikin gida da kanta, sai ya ga Abba ya zuba masa ido yana jiran a ba shi abin faɗa. Ya dawo ya zauna kan keke, ya karɓi faɗan da bakinsa. Almakashi da reza kuma ya yi musu ƙusa a bango inda hannun yaro ba ya kaiwa, dutsen guga ya koma kan tebur, ya daina kiran abu mai sanyi da zafi.

Da damina ta faɗi, wata rana ya aiki Abba sayo maɓallai da naira 500. Yaron ya dawo hannu wofi, yana rawar jiki, ya ce, "Baba, ba faɗuwa suka yi ba. Na tsaya kallon ƙwallo, na sayi alewa da 100, sauran kuma ban san inda na ajiye ba."

Sani ya yi masa faɗan tsayawa a hanya da taɓa kuɗin aike, ya hana shi fita wasa ranar. Amma bai ɗaga masa hannu ba. Da Binta ta tambaye shi dalili, ya ce, "Yana da hanyar da zai ce sun faɗi, ni na koya masa ita, bai bi ba. In na doke shi yau, gobe ita zai bi."

Iyaye da yawa suna dukan yaro a kan ƙarya, alhali a bakinsu ya fara jin ta: tsarabar da ba za a sayo ba, dodon da babu shi, allurar da ake tsorata shi da ita, da "ka ce ba na nan". Yaro ba ya mantawa, tarawa yake yi, kuma da abin da ya tara yake auna maganarka ranar da za ka gargaɗe shi a kan abin da zai cuce shi da gaske. Don haka, ya kai uba, kada ka yi wa ɗanka alƙawarin da ba ka da niyyar cikawa, kada ka tsorata shi da abin da babu, kada kuma ka aike shi da ƙarya. In ba ka da shi, ka ce ba ka da shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon zama abin koyi a gare su.