Gidan da ba ya cin fiye da abin da ya samar

Ya ƴan'uwa, tambayar da muke son mu duba a wannan fitowa ita ce: mutumin da ya tara dukiyarsa ta hanyar halal, yana da damar ya gina gida yadda ransa ya so, ba tare da an tambaye shi komi ba? Da yawa daga cikinmu za su ce ƙwarai kuwa, tun da fili nasa ne, kuɗi nasa ne. Mu kuwa muna ganin maganar ba ta ƙare a nan ba, domin gini na wuce mai shi, kuma ɗawainiyarsa tana hawa kan mutanen da ba a yi shawara da su ba.

Abin da ya tayar da tambayar shi ne wani irin gida da magina suka daɗe suna ginawa a ƙasashen Turai da Amurka. Ana tsara shi ne ta yadda wutar lantarkin da zai sha a shekara guda ba za ta wuce wadda zai samar da kansa ba, galibi daga faifan hasken rana da ke bisa rufinsa. Da rana yana tura rarar wutarsa ga layin gari, da dare ya karɓo, in shekara ta kewayo a yi lissafi a tarar ba a binsa komi.

Abin lura shi ne inda suke fara aikin. Ba su farawa da sayen faifai. Sai sun rage buƙatar gidan tukuna. A garin Darmistat na ƙasar Jamus, a shekarar 1991, wani masani mai suna Wolfgang Feist da abokan aikinsa suka kammala wani gini mai gidaje 4, da bango mai kauri wanda ba ya barin ɗumi ya fita, da tagogi masu gilashi ninki 3, aka kuma toshe duk kafar da iska ke kutsowa. Ƙa'idar da ta fito daga wannan aiki ita ce kada ɗumama ɗaki ya ci fiye da kilowat-awa 15 a kowace murabba'in mita a shekara, wato kaso kaɗan na abin da tsofaffin gidajensu ke ci. Daga baya hukumomi suka shigo ciki: jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta sanya faifan hasken rana a kan sababbin gidaje daga shekarar 2020.

Su sanyi suke yaƙi da shi, mu zafi, amma hikimar ɗaya ce: wanda tulunsa ke yoyo, liƙe shi ya kamata ya fara yi kafin ya ƙara zuwa rijiya. Wannan kuwa shi ne abin da malamanmu ke kira ƙana'a, wato mutum ya san iyakar buƙatarsa. Mai buƙata kaɗan, abu kaɗan ke isarsa. Mai buƙatar da ba ta da iyaka kuwa, ko an ba shi kogin Kwara bai ƙoshi ba.

To, mu dubi yadda muke gini yanzu a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Bulo na siminti maras kauri, rufin kwano ba silin, manyan tagogi suna fuskantar yamma, tsakar gida an malale ta da siminti, itacen da aka tarar a filin an sare. In watan Afrilu da Mayu suka zo, zafi ya haura digiri 40, ɗakin ya zama tanda har bayan isha'i. Daga nan sai neman na'urar sanyaya ɗaki, sai takardar kuɗin kuran mai nauyi kowane wata, sai injin mai hayaƙi in an ɗauke wuta.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a sha'anin gini ba shi kaɗai yake doka ba. Yana dukan mata da yara da tsofaffi, waɗanda su ke wuni a cikin gidan alhali maigida na kasuwa ko ofis. Yana dukan ɗan haya, wanda ba shi ya zaɓi kwanon ba amma shi ke biyan kuran. Yana dukan maƙwabci, wanda na'urarmu ke hura wa zafi a lungu, injinmu kuma ke hana shi barci. Yana dukan magada, domin gida kan yi shekaru 50 ko fiye, marayun da suka gaje shi sun gaji ɗawainiyarsa. Yana kuma dukan gari baki ɗaya, tun da wutar ba ta wadata ba. Ba mu manta ba, a watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa ƙasarmu, yadda unguwanni suka riƙa kwana cikin duhu. Addininmu ya hana almubazzaranci, ya kuma girmama haƙƙin maƙwabci, to ga wurin da su biyun suka haɗu.

Wani zai ce wannan zancen masu hali ne, talaka ina ya ga kuɗin faifai da batir? Gaskiya ne suna da tsada. Amma rabin farko na aikin, wato rage buƙata, tunani yake ci fiye da kuɗi: a sa dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, a rage tagogin yamma, a bar kafar da iska za ta shiga ta fita, a ɗaga rufi a sa masa silin, a yi rumfa, a dasa itace. Kakanninmu sun san wannan. Soron tubali mai kaurin bango yakan tare zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi, shi ya sa zaurukan unguwar Birni a Damagaram ke da sanyi da tsakar rana.

Wani kuma zai ce ginin ƙasa ba ya jure ruwa, ga gidajen da suka rushe a daminar 2020 da ta 2024. Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Ginin ƙasa na buƙatar tushe mai ƙarfi, da wurin da ba hanyar ruwa ba, da indararo, da yaɓe a kan kari. Akwai kuma tubalin da ake matsawa da inji a sa masa siminti kaɗan. Da shi Mariam Kamara da abokan aikinta suka gina gidajen da ake kira Niamey 2000 a shekarar 2016, da shi kuma aka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa a 2018. Abin da ke hana mu sau da yawa kunya ce, kada a ce wane ya gina da ƙasa. Mutum ya ƙona iyalinsa da zafi don gudun bakin mutane, wannan ba wayo ba ne.

Saboda haka amsarmu ita ce: dukiya tasa ce, amma amana ce, kuma za a tambaye shi inda ya sa ta. Duk mai niyyar gini, kafin a haƙa tushe, ya zauna da magini ya tambaye shi abu uku: ina rana za ta bugi gidan nan, ta ina iska za ta shiga, nawa kuma zai ci a wata bayan ba ni? Mai hali ya ƙara da faifai, maras hali ya tsaya ga inuwa da kaurin bango, daidai ruwa daidai tsaki. Kwamitocin masallatai su ma su yi wannan tambaya kafin su karɓi sadakar jama'a su zuba a kwano.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa gidajenmu su zama wurin hutu gare mu da maƙwabtanmu, amin.