Caca Mai Lasisi da Hukuncin Lamiri



A watan Nuwamba na shekarar 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008. Kotun ta ce ikon tsara caca da ba da lasisi yana hannun jihohi. Makamancin haka ya faru a Amurka a 2018, inda aka bar wa kowace jiha ta yanke wa kanta shawara a kan cacar wasanni. Ga shi yanzu shagon da ke da takardar izini a Legas haramtacce ne a Kano. To, in gwamnati ta ba da lasisi, caca ta zama abin kirki ke nan?

Waliyyi Toma Akwinas ya koyar cewa dokar ɗan Adam ba ta iya hana kowane mugun hali. Takan hana manyan laifuffukan da ke rushe zaman jama'a, irin su kisa da sata, ta bar sauran ga lamiri. Lasisi yana tilasta wa kamfani ya yi rajista, ya biya haraji, ya biya wanda ya ci, ya kuma kori yaron da bai kai shekara 18 ba. Wannan alheri ne, gama cacar fili ta fi ta ɓoye sauƙin tsawatarwa.

Amma takarda ba ta canja lissafi. A ce mutum biyu sun zuba naira 1,000 kowannensu, wannan a kan ƙungiya ɗaya, wancan a kan abokiyar karawarta. Kamfani ya karɓi 2,000, ya ba wanda ya ci 1,900, ya riƙe 100, ko wa ya yi nasara. Saurayin da ya haɗa wasanni 10 a tikiti ɗaya, in kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa ɗaya ce cikin 1,024.

Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, a lamba ta 2413, bai ɗauki caca a kanta a matsayin rashin adalci ba. Ya nuna cewa tana zama laifi sa'ad da ta cinye abin biyan bukatar mutum da ta waɗanda ke wuyansa, ya kuma yi gargaɗi cewa sha'awarta takan mai da mutum bawa. Kuɗin makarantar yara, da na magani, da na hatsi, amana ce, babu kuwa hatimin hukuma da zai halatta cin amana.

Gwamnati ma tana da nata alhaki. Harajin caca daga asarar talakawa yake fitowa, mai cin moriyar asara kuwa yana iya fara fatan ta ƙaru. Saboda haka jihar da ta ba da lasisi wajibi ne ta ƙayyade talla, ta tsare yara, ta tanadi taimako ga waɗanda caca ta kama.

Kafin ka miƙa kuɗi, ɗan'uwa, tambayi kanka: na wane ne wannan kuɗi? Zan iya gaya wa matata ko mahaifiyata inda ya tafi? Zan iya dainawa har wata guda? In amsar ta yi maka nauyi, ka nemi Fada ko wani dattijon Ikkilisiya tun dare bai yi ba.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai wadar zuci. Amin.