Saura Ƙiris

Mai karatu, bari in fara da tambaya, amma don Allah kada ka yi gaggawar ba ni amsa. Idan mutum ya ƙulla niyyar zuwa wani wuri, ya sha wuya har ya hango wurin da idonsa, sannan ya juya bai taka shi ba, me za a kira shi? Mai hankali ko matsoraci? Ni dai a kaina abin ya faru, kuma yau shekaru ke nan ina juya shi a rai ban gama yanke wa kaina hukunci ba.

A shekarar 2018 ina zaune a Tampere, wani birni a ƙasar Finlan can arewacin Turai, inda karatu ya kai ni. Akwai wani abokin karatuna ɗan ƙasar, mutum marar yawan magana kamar akasarinsu, shi ya koya mini wani wasa da na fara yi wa dariya, daga baya ya kusa cin raina.

Ga yadda abin yake. Ka san masu taswira sun zana wa duniya layuka, na kwance da na tsaye, ta yadda kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu da ke nuna shi. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Tampere kuwa ta haura digiri 61. Tsakanin layi da layi akwai fili mai kusurwa huɗu kamar gidan dara. Tsawonsa daga kudu zuwa arewa wajen kilomita 111 ne ko'ina, amma faɗinsa tsukewa yake yi in kana yin arewa: a Kano ya kusa 109, a Tampere bai wuce 53 ba. To a 2008 sai wani Ba'amurke mai zanen barkwanci, Randall Munroe, ya fito da wata dabara. A ɗauki kwanan watan ranar, a haɗa da lambar da ma'aunin Dow Jones na kasuwar hannun jarin Amurka ya buɗe da ita, a zuba wa kwamfuta ta dama su kamar fura, sai ta fito da lambobi biyu. Su ne wurin ranar a cikin gidan darar da kake zaune. Gobe kuma wani wurin daban. Sunan wasan geohashing, kuma al'adar masu yinsa ita ce ranar Asabar a isa wurin da ƙarfe 4 na yamma, ko Allah zai sa a gamu da wani mai irin wannan lalurar.

Na tambaye shi, "To in an je me ake samu?" Ya ce ba komai. Ba a binne komai ba, ba a ba da kyauta. Ka je, ka tsaya, ka ɗauki hoto, ka dawo.

Na ce lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa. Mu a wurinmu ba a ɗaura takalmi sai da dalili: biki, ta'aziyya, fatauci, neman ilmi, ko asibiti. Ka je ka ce wa tsohuwarka za ka tafi inda babu kowa don lamba ta ce ka je, ka gani in ba a fara yi maka tofi ba. Wani ɗan'uwa da muke masallaci ɗaya ma cewa ya yi caca ce. Na ce masa caca da kuɗi ake yi, wannan ƙuri'a ce kawai, babu wanda ya ci wani. Muka bar ta a nan.

Amma sanyin ƙasar nan yana sauya wa mutum tunani. A watan Disamba hasken rana a Tampere ba ya kai awa 6. Wata da watanni hanyoyi uku na sani: ɗaki, aji, kanti. Saboda haka da watan Afrilu ya kama, hunturunsu ya fara sakin mara, rana ta fara jimawa, sai wata Asabar na duba na ga wurin ranar ya faɗo yamma da gari, kamar kilomita 30. Ban yi shawara da kowa ba. Na zuba shayi a fulas, na sa safa biyu, na fito da kekena mai tayoyin sanyi, irin waɗanda ake dasa wa ƙananan ƙusoshi don su kama ƙanƙara.

Kada ka ji an ce sanyi ya fara tafiya ka ɗauka an huta. Lokacin ne mafi ƙazanta. Da rana dusar ƙanƙara ta narke ta zama taɓo mai ruwa-ruwa, da dare ta sake daskarewa. Ga tsakuwar da aka yi ta watsawa a hanya duk tsawon hunturu don hana santsi, ta fito fili tana ƙara a ƙarƙashin taya. Na hau tudun Pispala ina haki, tafki a dama, tafki a hagu, duka fari fat. Na wuce garin Nokia, wanda kamfanin wayar nan da kowa ya sani ya samo sunansa daga gare shi (na yi ta waige ko zan ga wani abin mamaki, ban ga komai ba sai gidaje da masana'antu). Bayan nan kwalta ta ƙare mini, na shiga hanyar daji. Sai ga dusa ta fara sauka, manya-manya masu laushi kamar an yage matashin kai. Sau biyu ina faɗuwa. Daga ƙarshe keken ya ƙi tafiya sam, na jingine shi a jikin itace na ci gaba da ƙafa, dusa har gwiwa. A ƙasar doka ta ba kowa damar ratsa daji ko na wane ne, muddin bai shiga harabar gidan mutane ko ya taka shuka ba, don haka ban ji tsoron mai gona ba.

Zan faɗi gaskiya, a wannan tafiyar na ga abin da ban taɓa gani ba a wata bakwai da na yi a ƙasar. Na ga inda rafi ya ɓalle daga ƙarƙashin ƙanƙara, baƙi wuluk yana gudu. Na ga wasu manyan fararen tsuntsaye biyu masu dogon wuya, dangin dinya, sun dawo daga ƙaura sun sauka a ɗan ruwan da ya buɗe suna kuka kamar kakaki. Na ji shirun da ban san akwai irinsa a duniya ba. Da lamba ba ta aike ni ba, wallahi har in bar ƙasar ba zan taka nan ba, domin babu wani dalili da zai kawo mai hankali wurin. Wannan ya sa na daina raina wasan. Ashe wani lokaci mutum yana bukatar dalilin banza kafin ya fita daga ɗaki.

Wayata tana ta ƙirga mini: saura mita 600, saura 400, saura 250. Sai itatuwa suka ƙare, na tsinci kaina a bakin wani ƙaramin tafki. Na duba waya. Saura mita 140, kuma kibiya ta nuna tsakiyar tafkin sak.

A nan zancen yake, mai karatu.

Na san abin da ake faɗa game da ƙanƙarar wannan lokaci, don an gaya mana tun muna baƙi. A tsakiyar hunturu, ƙanƙara mai ƙarfi da kaurinta ya kai santimita 5 tana iya ɗaukar mutum ɗaya. Amma in rana ta fara zafi kauri ba ya nufin komai, wadda ta ɗauke ka da safe tana iya haɗiye ka da la'asar, kuma bakin gaɓa da inda rafi ke shiga su ne suke fara ruɓewa. Duk na san wannan. Ga ta a gabana ta yi duhu-duhu, ruwa kwance a kanta. Ban iya iyo ba. Babu wanda ya san inda nake. Ina da mata da 'yar shekara biyu a gida suna jiran in gama in koma.

Kuma duk da haka na taka.

Wannan takun shi ne abin da ya hana ni sakat har yau. Da safe, ina ɗaki, da wani ya ce mini, "Za ka sayar da ranka a kan wurin da babu komai?" da na ce masa ya nemi magani. Wurin bai ƙara daraja ba tsakanin safe da la'asar. Ruwan tafki ne da safe, ruwan tafki ne da yamma. Abin da ya ƙaru kawai shi ne wahalar da na sha: kilomita 30, faɗuwa biyu, yatsun da suka daina ji. Wahalar ce ta hau kan wurin ta zauna, har ya yi mini nauyin da ba nasa ba. Zuciyata ba ta cewa "akwai alheri a can", cewa take yi "duk wannan ya tashi a banza ke nan?"

Daga baya na tuna da wani kawuna, Allah ya jiƙansa, da ya shekara goma sha ɗaya yana shari'a a kan wata 'yar kunyar gona da ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyar ba. Ya sayar da shanun huɗa biyu a kanta. Duk wanda ya ce ya haƙura sai ya ce, "Bayan duk abin da na kashe?" Muna yara muna yi masa dariya a ɓoye. Ga ni da karatuna, a ƙasar Turawa, ina maimaita maganarsa da ƙafata.

Sai dai kada mu yi saurin zagin naci. Mai haƙa rijiya da zai riƙa juyawa duk sanda ya gaji, da garinsu ba a sha ruwa ba. Yawancin abin kirki a duniya a hannun masu taurin kai ya samu, waɗanda aka ce musu ya isa suka ce saura ƙiris. Kuma mutumin da ya saba karya alkawarin da ya yi wa kansa don babu mai tuhumarsa, ina tsoron wata rana zai karya na mutane. Za ka ce ai bambancin a fili yake, rijiya akwai ruwa a ƙarshenta, wurina kuwa babu komai. Haka ne. To amma shi mai nacin, a lokacin da yake cikin nacin, ta yaya zai gane wanne yake yi? Kawuna har ya koma ga Allah yana ganin rijiya yake haƙa. Ni ma a bakin tafkin nan ban ji kamar wawa ba. Ji na yi kamar namiji mai cika magana.

Taku na huɗu ƙafata ta dama ta burma har ƙwauri. Sanyin ya harba mini har ƙwaƙwalwa. Na ja baya na tsaya, kuma ka san abin da nake yi? Ina duban gefe ko akwai inda ya fi ƙwari in sake gwadawa.

Sai na ji gyaran murya. Wani dattijo ne a kan gaɓa, da jakar masunta a baya da wani dogon sanda mai bakin ƙarfe a hannu, a wuyansa kuma ga wasu tsinkunan ƙarfe biyu masu mariƙi da suke ratayawa don in mutum ya faɗa ya soka su a ƙanƙara ya jawo kansa. Da alama da safe ya yi kamun kifinsa ya tashi. Bai yi mini tsawa ba. Ya sauko ya daki ƙanƙarar da sandan sau biyu, ya sa hannu ya ɗago wani gutsure mai kauri kusan kamu ɗaya, ya miƙo mini. Ina karɓa ya wargaje a hannuna, ya zama dogayen tsinkaye kamar an kwance tsintsiya.

Ya tambaye ni da guntun Turancinsa me na yar a can. Na ce, "Baba, ban yar da komai ba." Ya ce to wa ke jirana a can? Na ce babu kowa. Na ɗaga waya zan yi masa bayanin lambobi da kasuwar Amurka, sai na ji bakina ya yi nauyi. Ya dube ni, ya dubi tafkin, ya sake dubana.

Da zan so in ce maka hankali ne ya dawo da ni, ko tunanin 'yata. Ba haka aka yi ba. Kunyar tsohon nan ce. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, amma ni ranar a daji tsoro bai hana ni komai ba, sai da kunya ta biyo ni har can. Da dattijon ya bi ta wata hanya, ban san abin da zan yi ba, kuma rashin sanin nan ya fi ruwan sanyin damuna. Shi ya sa in aka yabe ni da cewa na yi hankali nakan yi shiru. Hankalin da sai an sa maka ido yake aiki, naka ne ko na mai kallon?

Ya ba ni leda na sa ƙafar a ciki kafin in mayar da takalmi, ya nuna mini wata gajeriyar hanya zuwa inda na bar keke. Na isa gida bayan magariba ina rawar ɗari. Da na kira gida, tsohuwata ta ce, "Ina ka shiga yau ba a same ka ba?" Na ce, "Inna, ɗan yawo na fita." Ta ce Allah ya tsare. Na ce amin.

Ranar Litinin na ba abokina labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a ƙa'idar wasan dai ban je ba. Na ce na sani. Ya ce ƙanƙarar ƙananan tafkuna takan tafi wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, kuma ƙaninsa yana da kwalekwale, sai dai in tuna wurin na ranar nan ne kaɗai, yanzu ya koma ruwa kamar kowane ruwa, ko na je ba a lissafa mini.

Na yi shiru ina kallon tagar ajin. Can na ce masa, in ƙanin nasa ya yarda da aron kwalekwalen ya yi mini magana.