Zagin Wanda Ba Ka Sani Ba Saboda Wanda Bai San Ka Ba

A wannan mako zan kawo muku wani abu da na gani da idona a Maiyama, wanda tun daga ranar bai bar zuciyata ta huta ba.

Suna na je gidan ƙanwata. Da aka fito da abinci sai na ji ana ta magana daga cikin gida, wai 'yan mata biyu, ɗiyar ƙanwar tawa da ɗiyar wan mijinta, sun ƙi sa hannu cikin kwano guda. Tare suka tashi, tare suka yi makarantar allo, yanzu kuma tare suke karatu a Aliero. Na kira tawa na tambaye ta dalili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ita ta fara. A waya ta zagi BTS." Na ce shi wannan ɗan wane gida ne? Yara suka bushe da dariya. Ashe samari ne bakwai mawaƙa na ƙasar Koriya ta Kudu, waɗanda suka fito a 2013. Ita kuwa ɗayar tana bayan wasu 'yan mata huɗu da ake kira Blackpink, da suka fito a 2016. Ba Hausa suke ji ba, ba su kuma san akwai wani gari Maiyama a bayan ƙasa ba.

Na koma gida na bincika, domin ba ya kyautu mutum ya yi hukunci a kan abin da bai sani ba. Abin da na tarar ya fi ƙarfin dariya. Masoyan waɗannan mawaƙa runduna ce guda, kowace da sunanta da tsarinta, kuma kalmar Turanci da suke kiran taurarin nasu da ita, watau aidol, asalin ma'anarta gunki. Suna da alherinsu, kada a tauye musu. A Yunin 2020 BTS sun ba da dala miliyan 1 don taimakon fafutukar baƙar fatar Amurka, masoyansu kuwa suka tara kwatankwacinta cikin kusan kwana guda.

Amma ga ɗaya fuskar. A 2010 wasu mutane suka taru a intanet suka ce wani mawaƙi mai suna Tablo ƙarya yake yi, bai yi karatu a jami'ar Stanford ta Amurka ba. Jami'ar ta fito ta ce ɗalibinta ne, suka ce an saye ta. Ya nuna takardunsa, suka ce na jabu ne. 'Yan sandan Koriya suka bincika suka tabbatar da gaskiyarsa, duk da haka wasu ba su saki ba, sai da kotu ta ɗaure waɗansunsu a 2012. Sa'an nan a Oktoban 2019 wata mawaƙiya, Sulli, ta mutu tana da shekara 25, bayan ta daɗe tana shan zagi daga mutanen da ba ta taɓa gani ba. Abin ya girgiza ƙasar har manyan kamfanonin labarai na intanet, Daum da Naver, suka rufe wurin da masu karatu ke tofa albarkacin bakinsu a ƙarƙashin labarin taurari.

To, kada mai karatu ya ce wannan haukan mutanen nesa ne. Ya tafi gidan kallon ƙwallo a Jega daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, ya tsaya bakin ƙofa ya ji abin da ke fitowa daga bakin samarin da ɗazu suka yi sallar Isha'i sahu ɗaya. Ko ya tuna 2019, lokacin da saɓanin Ali Nuhu da Adam A. Zango ya kai gaban kotu a Kano. Su biyun an shiga tsakani sun shirya. Amma zage-zagen da magoya bayansu suka yi wa juna a Facebook da Instagram, har da ambaton iyaye, wa ya shiga tsakaninsu? Kai, cutar ma ta girmi wayar. Masana tarihin Larabawa sun ba da labarin yaƙin Dahis da Gabra a zamanin jahiliyya, tsakanin ƙabilar Absu da Zubyanu. Dahis da Gabra sunayen dawaki ne. An yi sukuwa, wani ɓangare ya yi maguɗi, aka zare takubba, an ce sai da aka yi wajen shekara 40 ana zubar da jini.

Tambayar da ta dame ni ita ce, ina laifin yake? Wasu dattawa za su ce a son yake, a hana yaran kawai. Ni ban gamsu ba. Hukuncin kiɗa da waƙa magana ce da malamai suka yi ta tun da can, ba ita ce gabanmu yau ba. Zuciya dai ba a yi mata dole, kuma mu da muke faɗa mun yi namu. A ƙuruciyarmu akwai mutanen Shata, akwai waɗanda in ba Narambaɗa ba ba su ji waƙa ba, kuma in aka taɓo damben Shago gardama kan kai dare. Sai dai gardamar tamu ido da ido ake yinta. Wanda kake musu da shi ka san ubansa, gobe za ku haɗu a kasuwar albasa ko wurin jana'iza, saboda haka akwai inda harshe ke tsayawa. Waya ta ɗauke fuskar. Da fuska ta tafi sai kunya ta bi ta, alhali kuwa wanda ke can ɗaya gefen mutum ne mai uwa da uba kamar kowa.

Nan ne abin ya shafi addini kai tsaye. Suratul Hujurati ta hana izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, ta hana mummunan zato da bin diddigi da giba, ba ta kuma keɓe wanda aka yi da baki daga wanda aka yi da yatsa ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa laifi iri biyu ne. Wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, tuba na gaskiya ya isar masa. Wanda kuwa ya taɓa haƙƙin wani bawa, sai an mayar wa mai shi abinsa ko an nemi yafewarsa. Wanda ya ci kuɗin buhun albasar wani a Aliero ya san rumfar da zai koma in Allah ya shirye shi. To, yaron da ya kwana yana ɗura wa mutum hamsin ashar, kowannensu da sunan aro da hoton aro, wani a Kano, wani a Jakarta, ƙofar wa zai je ya yi sallama? Ya ɗauki bashi bai san mai shi ba, ya kuma ɗauke shi ne don kare wani da ko a mafarki bai san da zamansa ba. Malamai sun ce wanda ya kasa kai wa ga mai haƙƙi ya yawaita yi masa addu'a da neman gafara. Rahama ce wannan, amma mai hankali ba ya faɗa rijiya don ya ji an ce akwai igiya.

Zan kuma faɗi abin da ya fi mini ciwo, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Halin nan da muke ganin muninsa a wurin 'yan mata masu son mawaƙan Koriya, shi ne muke yi da sunan malamai. Kowa da nasa shehin, wanda ba ya kuskure, da shehin wasu, wanda ba ya yin daidai. A yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu a watsa, a ce ku ji abin da ya ce. Ni kaina na taɓa tura irin wannan guntun ga abokai, daga baya na saurari karatun duka na ga ba haka maganar take ba. Na bi waɗanda na tura wa na warware, amma su sun riga sun tura gaba, kuma har yau ban san inda ya tsaya ba. Mutanen da suka ƙi yarda da takardun Tablo ba jahilai ba ne. Sun riga sun zaɓi ɓangare, daga nan kowace hujja ta zama maƙarƙashiya a idonsu. Yaron da ya saba da haka a kan mawaƙi, ranar da ya girma a kan malami ko ɗan takara zai yi shi, lokacin kuwa ba a kwanon abinci zai tsaya ba.

Kafin in bar Maiyama na sake kiran ɗiyar tawa. Ban ce ta daina son abin da take so ba, don na san ba za ta ji ba. Na ce ta buɗe wayar ta ƙirga mini mutum nawa ta mayar wa magana mai zafi cikin wannan wata. Ta yi ta gungurawa, ta kai ashirin da wani abu, ta tsaya. Na ce a cikinsu nawa ta sani? Ta ce, "Ɗaya ce, Kawu." Na ce to ga ta can tsakar gida tana wanke-wanke, a fara da ita. Ta tashi ta nufi wajenta. Sauran ashirin ɗin kuwa ta tambaye ni yadda za ta yi da su, na ce ta ba ni lokaci in tambayi waɗanda suka fi ni sani.