Kifin Cikin Gilashi: Ajiya ce ko Mallaka?

Mu dai a wurinmu kifi na tukunya ne. Tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa, ɗanye ko banda, ƙarshensu miya. Shi ya sa in aka ce mana wasu sun yi shekara da shekaru suna kiwon kifin da bai wuce tsawon yatsa ba a akwatin gilashi, ba ci ba sayarwa, sai mu ce rashin aikin yi ne. To amma jama'a, mu ɗan saurara.

A jihar Jalisco ta ƙasar Meziko akwai kogin Teuchitlan, gidan wani ɗan kifi da ake kira tekila. Ƙazantar da aka riƙa zubawa a ruwan, da baƙin kifayen da aka sako, suka taru suka ci ƙarfinsa har aka daina ganinsa. Sai ga shi ashe irinsa na nan a gilashin masu kiwo. A 1998 aka ɗauko guda goma, maza biyar mata biyar, daga gidan namun dajin Chester na Ingila, aka kai Jami'ar Michoacan ta Meziko. A 2012 aka zuba guda 80 a wani kududdufi don su koyi neman abinci da gudun abokan gaba. Cikin shekara huɗu suka kai kusan 10,000. Daga ciki aka mayar da 1,500 kogin iyayensu, kuma ga su can suna hayayyafa.

Wani zai ce kulle halitta a gilashi ai zalunci ne. Maganarsa abin dubawa ce, don an halicci kifi ne da faɗin kogi. Sai dai mu tambaya, wa ya ɓata kogin? Mutum ne. Wanda ya rushe wa wani gida, bai isa ya ce ba zai ba shi masauki ba wai don masaukin ya yi ƙunci.

Wani kuma zai ce, ana fama da tsadar garin tuwo, wa ke ta kifin ado? Shi ma ba mu ƙi tasa ba. Amma yunwa ana ƙoshi bayanta, talauci ana fita daga cikinsa. Iri kuwa in ya ƙare, ya ƙare ke nan, ba kuɗin da zai dawo da shi.

A ganinmu, gilashi ba shi da laifi ko lada, niyyar mai shi ce ke raba gardama. Ku dubi wani ɗan baƙin kifi mai jar wutsiya na ƙasar Tailan. Yana nan jibge a shagunan kifin ado na duniya, alhali a kogunan ƙasarsa da ƙyar ake ganinsa. Wannan ciniki ne, ba wanda aka ceta. Su kuwa mutanen Meziko ajiya suka riƙe, sai da suka gyara kogi tare da mutanen garin kafin su mayar da kayan inda suka fito.

Mun san hukuncin ajiya tun a gida: ba a cinta, ba a taƙama da ita, kuma ranar mayarwa tana nan tafe. Duk mai kiwon irin waɗannan kifaye, da wannan mudun za mu auna shi. Mu kuma da ba mu da gilashi, tamu ajiyar ita ce rafin bayan unguwa, wanda muke juye wa shara kullum safiya.