Larabgana Da Zoben Aƙiƙ: Ina Zuciya Ta Dogara?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk shekara idan watan Safar ya tasam ma ƙarewa, sai ka ga hankalin jama'a da yawa a Ƙauran Namoda ya koma kan Larabgana, watau Larabar ƙarshen watan. Wani ya fasa tafiya, wani ya ɗaga ɗaurin aure, ana ta wanke allo ana rarraba rubutu gida gida. Dalili kuwa, wai a ranar ne bala'i 320,000 ke sauka. Wannan adadi a littattafan asirai aka samo shi, ba shi a Alƙur'ani, ba shi a hadisi ingantacce. Abin da Buhari da Muslim suka ruwaito ma shi ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfin da Larabawan jahiliyya ke yi wa Safar.

To, a yi mini adalci, ban ce a fasa alluna ba. Addu'a da ayoyin Allah halal ce a kowace rana, kuma mai Risala, Ibn Abi Zaid, bai ga laifin layar da Alƙur'ani ne a cikinta ba, ko da yake waɗansu malamai sun hana. Inda gizo ke saƙa shi ne a ɗauka ranar da kanta ke cutarwa. Laraba halitta ce kamar Alhamis, ba ta mallaki kome ba.

Haka batun duwatsun zobe yake. A ranar kasuwa za ka tarar da mai faifan zobba yana rantsuwa cewa jan aƙiƙ na korar tsiya, wancan kuma na kawo farin jini. Shi kansa fa bai kori tasa tsiyar ba! Hadisan falalar aƙiƙ, Ibn Jauzi ya sa su cikin na ƙarya. Gaskiya ne Annabi ya sa zoben azurfa, amma hatimi ne na buga wa wasiƙu. Kuma wane dutse ya kai Hajarul Aswad daraja? Duk da haka Sayyidina Umar ya sumbace shi yana bayyana cewa dutse ne da ba ya cutarwa, ba ya amfanarwa, koyi da Annabi kaɗai ya sa ya sumbata.

Na san abin da ke tura mutane. Wanda 'yan bindiga suka hana shi gonarsa a ƙasar Zurmi ko Shinkafi, tsoro na gaske gare shi, ba abin ba'a ba ne. Amma wannan tsoron shi ne jarin masu sayar da guru da maganin bindiga. Magidanci ya sayar da akuyar da ta rage masa, ya ɗaura abin a ƙugu, sa'an nan ya bi hanyar da kowa ya ce kada a bi, domin ya gaskata harsashi ba zai shige shi ba. Hasarar ta zama uku: dukiya, da tauhidi, wani lokaci har da rai.

Bambancin sababi da camfi a fili yake. Sababi shi ne abin da Shari'a ta koyar, kamar azkar na safe da maraice, ko wanda hankali da jarrabawa suka tabbatar, kamar maganin zazzaɓi da bin shawarar masu sanin hanya. Dutsen zobe bai shiga ko ɗaya ba. Mai son zobe don ado ya saya, a biya kuɗin azurfa da ladan maƙeri kawai.