Shin jera wallafe-wallafe a takardar neman aiki riya ne?

 

Muridin da ya yi karatu mai zurfi, ya wallafa maƙala ko littafi, wata rana zai zauna haɗa dosiyen neman aiki. Ko koyarwa ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko a Jami'ar Musulunci ta Say, ko aiki a wata ƙungiya a Yamai, za a nemi takardar CV, kuma a cikinta akwai wurin da ake jera abin da mutum ya rubuta. Malaman jami'a ma ba su da mafita, don hukumar CAMES da ke Wagadugu tana duba wallafe-wallafensu kafin a ɗaga musu daraja. A nan zuciyar mai tarbiyya kan tsaya cak. A zawiya an koya masa ɓoye aiki da gudun shuhura. Ibnu Aɗa'illahi, a cikin Hikam, ya kwatanta mai suluki da iri, wanda in ba a binne shi ba amfaninsa ba ya cika. Ga kuma hadisin Muslim game da mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama, ɗayansu malami ne da ya yi karatu don a kira shi malami. To, yaya wanda ya san wannan zai ɗauki alƙalami ya lissafa ayyukansa ɗaya bayan ɗaya?

Tsoron nan alama ce ta rayayyar zuciya, amma ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Tsarkake kai da Suratun Najmi ta hana shi ne mutum ya yi wa kansa shaidar taƙawa, abin da Allah kaɗai Ya sani. Faɗin cewa an rubuta maƙala kaza a shekara kaza kuwa labari ne da kowa zai iya bincikawa, kuma mai ɗaukar aiki yana da haƙƙin saninsa, don shi ma amana aka ɗora masa ta zaɓen wanda ya cancanta. Annabi Yusuf (AS) ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya ambaci siffofi biyu nasa, tsarewa da sani. Bai ambaci kyawunsa ba, bai ambaci nasabarsa ba, alhali shi ɗan Annabi ne jikan Annabi. Ya faɗi abin da aikin ke buƙata, ya tsaya.

Magabata ma sun jera littattafansu. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a shekara ta 911 bayan Hijira, kuma wanda ya aika wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha, ya rubuta tarihin kansa da sunan bayyana ni'imar Allah, ya lissafa wallafe-wallafensa a ciki. Shehu Sha'arani ya bi sawunsa a Laɗa'iful Minan. Sai dai ko Suyuɗi bai tsira daga harshen mutanen zamaninsa ba: Sakhawi ya zarge shi da ɗaukar ayyukan wasu. Ko zargin ya tabbata ko bai tabbata ba, ya nuna cewa tun wancan lokaci abin da ake tuhumar mai jeri da shi shi ne ko abin da ya jera nasa ne.

Haɗarin na nan har yau, kuma ya fi riya sauƙin ganewa. Wani yakan roƙi aboki ya saka sunansa a maƙalar da ko karanta ta bai yi ba. Wani yakan rubuta cewa aiki na kan hanyar fitowa, alhali mujallar ba ta karɓa ba. Wani ya raba bincike guda gida uku don jerin ya yi tsawo, ko ya biya kuɗi a buga masa a mujallar intanet da ba ta tantance komai. A hadisin Asma'u ƴar Abubakar (RA), wata mata ta tambayi Manzon Allah (SAW) ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya kwatanta mai yin haka da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. A neman aiki abin ya wuce nan, don akwai wani bawan Allah da ya faɗi gaskiyarsa aka ture shi, kuma albashin da za a ci kowane wata a kan wannan layin aka gina shi. Wazifa ba ta wanke haƙƙin wani.

Mai ɓoye aikinsa na gaskiya shi ma ya binciki kansa. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyad cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Nafsu na iya jin daɗin a ce wane mai tawali'u ne fiye da yadda take jin daɗin a ce wane marubuci ne. In ya ja baya, kujerar ba za ta zauna wofi ba, ɗalibai ne za su biya, iyalinsa ma haka.

Wurin da ya fi wuya shi ne rubutun da aka yi don Allah tun farko: ƙasidar bege, ko ɗan littafin da aka raba kyauta ranar Maulidi. In aikin da ake nema koyar da Larabci ne ko adabi, waɗannan hujja ce ta ƙwarewa, babu laifi a ambace su. In kuwa aikin akanta ne, sai mutum ya tambayi kansa me ƙasidar ta zo yi a dosiyen, ko kuwa ya ji cewa shugaban wurin ɗan ɗariƙa ne. Haka nan wanda ya fassara karatun shehinsa, ko ya kwashe shi daga kaset zuwa takarda, ya rubuta a fili cewa fassara ce ko tattarawa, ya sa sunan shehin a gaban nasa.